Hoton Barsu da Kyamarar da Ba Ta Cewa Ƙwas

Akwai wani mai ɗaukar hoto a Malumfashi, sunansa Malam Mamuda. Shagonsa yana bayan tashar mota, taku tara ne tsawonsa, faɗinsa taku biyar. Shekara talatin da ɗaya ya yi a cikin sana'ar. Ya ɗauki amare da angwaye, ya ɗauki 'yan makaranta, ya ɗauki masu neman fasfo. Amma abin da ransa yake so shi ne hoton dabbobin gida.

Da tantabarun maƙwabcinsa ya fara. Daga nan sai magen matarsa Amina, sai akun wani ɗan kasuwa, sai ragon layya da yara suka shaƙu da shi suna kukan za a yanka. Abokan sana'arsa suka laƙaba masa "Mamuda mai hoton mage." Bai taɓa tanka musu ba.

Kyamararsa baƙa ce mai nauyi, ta shekara goma sha huɗu a hannunsa. Irin mai ɗan madubi a ciki ce. Idan aka danna maɓalli, madubin yakan daka tsalle ya ba haske hanya, sannan ya koma mazauninsa. Wannan tsallen shi ke ba da ƙarar nan da kowa ya sani: ƙwas! Mutanenmu kuwa sun saba da ita. Mai tsayawa hoto ba ya sakin numfashi sai ya ji ƙwas. In bai ji ba, a wurinsa ba a ɗauka ba.

Ranar wata Litinin, farkon kaka, wata mata ta yi sallama a ƙofar shagon. Ta ce sunanta Rashida, tana aure a Funtua, amma mahaifiyarta tana wata unguwar Maguzawa a gaba da Gozaki.

"Malam, hoton kare nake so ka ɗauka," in ji ta, tana magana tana sunkuyar da kai. "Shago uku na shiga, dariya suka yi mini."

"Zauna, 'yar nan. Karen wa?"

Ta ce karen mahaifinta ne, marigayi Mudi Sarkin Baka. Tun da ya rasu, daga tsohuwa sai karen a gidan. Yanzu idonta na hagu ya tafi, na dama yana bin sa, likita kuma ya ce ba yana ba ce balle a kankare. Mijin Rashida, Alhaji Almustapha, ya yarda ta dawo Funtua ta zauna da su, ranar Asabar bayan mako uku. Amma ya ce gidansa ba a shiga da kare.

"Ba ta roƙi komai ba," Rashida ta ce. "Cewa ta yi a ba ta fuskar Barsu a takarda, ta kalla tun idon yana gani."

Malam Mamuda ya rubuta ranar a ɗan littafinsa, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Washegari ya hau babur ya yi mil goma sha bakwai. Ya tarar da mahaifiyar Rashida, Inna Marka, a gindin ɗorawa tana ɓarar gyaɗa. Barsu yana kwance kusa da ƙafarta, jan kare mai farin ƙirji, kunnensa na dama a tsage, gemunsa ya fara furfura.

"Sannu da aiki, Inna."

"Yawwa, Malam. Kai ne Musulmin da ba ya ƙyamar kare?"

"Hoto zan ɗauka, Inna, ba runguma ba."

Ta yi dariya har gyaɗa ta zube. Malam Mamuda ya durƙusa, ya ɗaga kyamara zuwa idonsa, ya danna.

Ƙwas!

Kafin ya ɗago kai, kare ya kurɗa ta ƙarƙashin danga ya shige gonar dawa. Da ya duba abin da ya samu, sai wutsiya da ƙafa ɗaya, su ma dishi-dishi.

Tsohuwa ta bi gonar da kallo. Can ta ce, "Laifina ne, ban faɗa maka ba. Shekara shida ke nan. Mai gidan ya ɗaga bindiga zuwa idonsa, ya ɗana kunama ta ce ƙwas, sai bindigar ta fashe a hannunsa. Kwana biyu ya yi ya tafi. A nan kunnen Barsu ya tsage. Tun daga ranar, in ya ga mutum ya kai baƙin abu ido, ko ya ji wannan ƙara, sai daji."

Malam Mamuda ya koma sau uku a cikin makon. Ya naɗe kyamarar da bargo, ƙarar ta fito. Ya ɓuya a bayan rumbu, karen ya gan shi. A zuwa na uku ma bai kai ga dannawa ba. Yana sauke jaka daga babur, Barsu ya tashi ya bar gidan.

Ya san akwai sabon samfurin kyamara marar madubi. Tunda babu madubin da zai yi tsalle, ana iya sa ta ta ɗauki hoto shiru. A duk yankin kuwa mutum ɗaya ya sani yana da ita, Alhaji Zainulabidin na Funtua, mai babban shagon hoto mai ƙofar gilashi, wanda manyan bukukuwa ba sa wuce shi.

Ya same shi zaune cikin abokansa. Bayan gaisuwa ya roƙi aron kyamarar na yini ɗaya, ya faɗi dalili bai ɓoye komai ba.

Alhaji Zainulabidin ya kalli tsohuwar kyamarar da ke rataye a wuyansa. "Malam, wannan injin niƙan har yanzu yana aiki?"

Aka kwashe da dariya.

"Kyamarar da nake ɗaukar 'ya'yan manya da ita, ita zan ba ka ka kai wa karen Bamaguje? Daga mage ka koma kare? Saura jaki, Malam."

"Na taɓa ɗaukar jaki," in ji Malam Mamuda. "Ya fi wasu mutane iya tsayawa."

Ya yi sallama ya fito. Bai yi fushi ba, amma hanyar Malumfashi ta yi masa tsawo ran nan.

Bayan kwana uku Rashida ta kira shi a waya tana kuka. Ashe Alhaji Zainulabidin abokin mijinta ne. Ya ce wa Alhaji Almustapha aikin minti biyar ne tsoho ya mai da shi mako biyu, shi zai je ya gama a kyauta don a ga bambanci. Ya je da mota da fitilu. Ya tsaya tsaye a tsakar gida, ya kai kyamara ido.

"Ba ta yi shiru ba?" Malam Mamuda ya tambaya.

"Ina fa! Ta-ta-ta-ta, kamar ana harbi. Na ce masa ai an ce ba ta da ƙara. Ya ce shi ya kunna mata, ya ƙure ta, wai mai biyan kuɗi in bai ji ƙara ba gani yake ba a yi masa aiki ba. Malam, Barsu ya tsallake danga ya yanke ƙafa. Yau kwana biyu bai shigo gida ba. Inna ta ƙi cin abinci."

Saura kwana takwas.

Da la'asar Malam Mamuda ya tsaya a bakin turke yana kallon maraƙin da yake kiwo don huɗar baɗi. Amina ta fito ta gan shi, ta gane. Shekara talatin da aure ba wasa ba.

"Malam, kada ka ce mini."

"Ban ce komai ba."

"Maraƙin noma za ka ba da saboda kare? Me zan faɗa wa mata a gidan suna?"

"Ba saboda kare ba ne. Saboda idon tsohuwa ne. Ido ɗaya ya rage mata, Amina, shi ma yana rufewa."

Ta shige ɗaki. Da safe ya fito ya tarar ta riga ta kwance igiyar, tana riƙe da ita.

"Ungo," ta ce. "In hoton bai yi kyau ba, kai za a ɗaura wa garma."

Ya kai maraƙi kasuwa, ya wuce Kano. A shagon masu kayan hoto ya zaɓi marar madubi ta hannu, mai ɗan kwarzane a gefe. Sai da aka haɗa da tsohuwar tasa kafin ciniki ya faɗa. Ya ciro hankici ya goge ta tsaf, lungu da saƙo, kamar mai shirya 'ya za ta tafi gidan miji. Ya juya ta wajen bango ya danna sau ɗaya. Ƙwas. Sannan ya miƙa, bai waiwaya ba.

Kwana biyu ya yi da tabarau a hanci yana karanta littafin da ya zo da sabuwar, layi bayan layi, yana kwafe abin da ya gane a nasa littafin. Abu uku ya ja wa layi. Na ɗaya, wurin da ake rufe mata baki. Na biyu, ɗan allon da ke bayanta yana tanƙwasowa sama, mutum zai iya ajiye ta a cinya ya duba ƙasa, ba sai ya kai ta ido ba. Na uku, akwai ɗan koren akwati da ke neman ƙwayar idon dabba da kansa, in ya kama ba ya saki.

Ya gwada a kan magen gidan tana lasar hannu.

"Ka ɗauka?" in ji Amina.

"Goma sha biyu."

"Ban ji komai ba. Wayyo maraƙina! Sun ba ka kurma, Malam."

Ya juya mata allon. Ta ga gashin bakin magenta ɗaya bayan ɗaya. Ta riƙe haɓa, ta koma madafa tana cewa ita dai ba ta yarda da abin da ba ya magana ba.

Ranar Laraba ya isa unguwar. Ya kashe babur tun daga nesa ya turo shi da hannu. Inna Marka ta rame. Ta ce Barsu yana zuwa bakin danga ya ci abin da ta ajiye, amma ba ya shigowa in da baƙo.

"To yau ba baƙo ba ne ya zo," in ji shi. "Ɗan ɓarar gyaɗa ne. Miƙo ƙwaryar."

Ya zauna a tabarma, ya ɗora kyamara a cinya, ya rufa mata gefen rigarsa. Suka yi ta ɓara suna hira. Ta ba shi labarin yadda Sarkin Baka ya raɗa wa karen suna, wai mutane sun dame shi da zancen ya tsufa da farauta, shi ne ya ce bar su. Ran nan ko inuwar kare bai gani ba.

Alhamis Barsu ya zo gindin rumbu ya tsaya yana ɗingishi. Malam Mamuda ya gan shi ta wutsiyar ido. Daga nan ma zai iya ɗauka. Amma fuska tsohuwa ta ce, ba kare daga nesa ba. Bai ɗaga kai ba.

Juma'a ya je masallaci a Gozaki ya dawo. Ya ajiye takalmansa nesa da tabarma. Can ya ji numfashi a bayansa, karen yana shinshinar takalman. Hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Ya ci gaba da ɓarar gyaɗa har karen ya juya ya tafi.

Asabar da hantsi motar Alhaji Almustapha ta iso. Aka ɗora ƙullin kaya, da tukwane biyu, da bakan marigayi wanda tsohuwa ta ce ba za ta bari ba. Babu Barsu.

"Bar shi, Malam," in ji Inna Marka. "Ka yi iyakar yinka. Ba rabo."

Ta ce a ba ta ɗan lokaci. Ta zauna a kan turmin da aka kifa, ta fuskanci gonar dawa. Sai ta sa yatsu biyu a baki ta yi fito, dogo ɗaya, gajere biyu, irin wanda mai gidanta yake yi in an tashi daga daji. Shekara shida ba a ji shi a gidan ba.

Karan dawa ya motsa. Barsu ya fito yana ɗingishi, ya ratsa tsakar gida, ya wuce Malam Mamuda kamar ya wuce kututture. Ya ɗora haɓarsa a gwiwar tsohuwa, ya ɗaga ido yana kallonta. Ta sa hannu a kan tsagaggen kunnen.

Malam Mamuda yana zaune taku huɗu daga wurin, kansa a sunkuye kamar mai jan carbi.

"Malam!" Alhaji Almustapha ya yi raɗa da ƙarfi. "Gyangyaɗi kake? Ga shi nan, ka ɗaga mana!"

Bai motsa ba.

Sai iska ta buga ƙofar motar da aka bari a buɗe. Karen ya zabura ya koma cikin dawa.

Inna Marka ta juyo, hawaye yana bin kumatunta. "Haba Malam! Ya zo har gwiwata, ka bari ya wuce?"

"Na ɗauka, Inna. Sittin da uku."

"Ban ji ƙwas ba."

"Ba ta cewa ƙwas."

"Malam, ka ji tsoron Allah," in ji Alhaji Almustapha. "Ina tsaye a nan. Ko ido ba ka kai ta ba. Da furfurarka za ka yaudari tsohuwa?"

Malam Mamuda ya miƙe ya juya masa allon. Alhaji ya duba, ya buɗe baki bai rufe ba. Rashida ta leƙa ta ce, "La ilaha illallahu!" Amma da aka kai wa Inna Marka, ta kusanto da shi, ta nisanta, ta girgiza kai. Allon ya yi wa idonta ƙanƙanta.

"Ku yi gaba," in ji Malam Mamuda. "Kafin la'asar zan same ku."

Injin da ke wanke babban hoto kuwa, a duk Funtua a shagon Alhaji Zainulabidin ya san yake. Can ya nufa. Abokan nan suna nan zaune.

"A'a, mai hoton kare! An samo wutsiyar?"

Ya miƙa katin ya ce a wanke masa girman ƙyauren taga. Injin ya fara turo takarda a hankali. Tsagaggen kunne ya fito, da yatsun tsohuwa masu jijiya a kansa. Sai goshi. Sai idanu. Dariya ta mutu a shagon.

Alhaji Zainulabidin ya tashi ya zo ya tsaya a gaban hoton. Ya daɗe.

"Da wace kyamara?"

"Ƙanwar taka ce. Ta hannu ma."

"To yaya aka yi?"

"Na rufe mata baki, na rufe nawa. Kwana huɗu."

Alhaji Zainulabidin ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar. Da hannunsa ya naɗe hoton. Da Malam Mamuda ya sa hannu a aljihu, ya riƙe masa hannu.

"Malam, ka yafe mini. Ni sayen kyamara na yi. Kai ne mai hoto."

"Allah Ya yafe mana gaba ɗaya. Ka zo Malumfashi in nuna maka. Ka taho da haƙuri, gyaɗa akwai."

A tsakar gidan Alhaji Almustapha aka fito da Inna Marka cikin hasken rana. Rashida ta riƙe gefe ɗaya, Malam Mamuda ya riƙe ɗaya. Tsohuwa ta karkata kai, ta kawo idonta na dama har ya kusa taɓa takardar. Ta bi kunnen. Ta bi furfurar gemun. Da ta zo kan idon karen sai ta tsaya.

"Malam, akwai mutum a ciki."

"Akwai, Inna."

"Wace ce wannan a cikin idonsa?"

"Ke ce. Ga ɗaurin kallabinki. Wancan na bayanki rumbu ne, ga ɗorawa."

Ta ƙara matsowa. Sannan ta yi dariya da hawaye tare. "Ashe haka yake ganina! Da gidan gaba ɗaya! Rashida, kin ce mini abin nan ba shi da madubi. To ga madubin nan, a idon Barsu yake."

Alhaji Almustapha yana tsaye daga gefe, hannuwansa a baya. Ya kalli hoton, ya kalli surukarsa, ya sake kallon hoton. Ya yi gyaran murya.

"Lambun nan nawa na bayan gida," ya ce, yana kallon bango, "awakin unguwa sun hana ni sakat. Malamai kuma ba su hana ajiye karen gadi ba. In dai a lambu zai zauna..."

Rashida ta rangaɗa guɗa tun bai ƙarasa ba.

Washegari aka koma da tsohuwa ta yi fitonta, aka ɗauko Barsu a bayan a-kori-kura. Tsakanin ɗakinta da ƙofar lambun taku ashirin da biyu ne. Ta ƙirga su tun tana gani, don ranar da ba za ta gani ba.

Wata huɗu bayan haka idon ya rufe. Ta riga ta kalli hoton ta ƙoshi. Yana rataye a kan gadonta kusa da bakan Sarkin Baka, kuma har yau takan kai yatsa daidai kan idon ba ta kuskure ba.

Alhaji Zainulabidin ya nemi izini ya wanke na biyu, ya kafa a ƙofar gilashinsa, da sunan Malam Mamuda a ƙasa da manyan baƙaƙe. Masu tantabaru suka fara zuwa Malumfashi daga Danja, masu aku da zomaye daga Mahuta, har da wata hajiya mai mage tara. Sunan da aka laƙaba masa don ba'a, shi ya sa aka rubuta a allon shagonsa. Kafin damina ta kankama, an sake jin kukan maraƙi a turken Amina.

Har gobe kuwa, in ya gama aiki, ba a rasa mai cewa, "Malam, ban ji ƙwas ba." Sai ya yi murmushi ya juya masa allon.

Darasi: Ba ƙara ce shaidar aiki ba. Kyamara iri ɗaya ce a hannun mutum biyu, ɗaya ya so a ji shi ya kori abin da ya zo nema, ɗaya ya sunkuyar da kai abin ya zo har gabansa. Sabon kayan aiki yana da amfani, amma sai a hannun mai haƙuri da tausayi. Kada ka raina sana'ar wani, kada ka raina abin da wani yake ƙauna, ko da kare ne mai tsagaggen kunne. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka sani yana aikinsa shiru ana yi masa dariya.